Muhawara: Kuɗi ne, siyasa ce ko aƙida ce ta faɗaɗa Amurka?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata tambaya da nake so masana tarihin da ke cikinmu su warware mana. A 1783, lokacin da Ingila ta amince da 'yancin Amurka, jihohi 13 ne a jere a gaɓar tekun Atlantika, iyakarsu ta yamma kuwa kogin Misisipi. Shekara 65 kacal bayan nan, a 1848, tutarsu ta riga ta kai tekun Pasifik. Zuwa 1898 ta haye teku ta sauka Hawayi da Filifin. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya riƙa tura su? Wasu na cewa kwaɗayin dukiya ne zalla, wasu na cewa rigimar 'yan siyasa ce, wasu kuma na cewa aƙidar da suka riƙe ce, wai Allah ne ya ba su nahiyar. Don Allah a kawo hujja da lissafi.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ni a wajen kuɗi na tsaya, kuma da kogi zan fara. Manomin da ya tsallaka duwatsun Appalachia ya zauna a Kentucky ko Ohio wajejen 1800 ba shi da hanyar mayar da amfanin gonarsa gabas, domin kuɗin dako a kan duwatsu ya fi kuɗin kayan. Sai ya haɗa katako ya yi wani faffaɗan kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen gindi, ya loda gari da taba da nama, ruwa ya gangara da shi har New Orleans, birnin da ke kusa da bakin kogin Misisipi. Can zai sayar da kaya, ya farfasa kwalekwalen ya sayar da katakon, ya komo gida da ƙafa, tunda ba ya iya hawowa da shi. Ke nan wanda ya riƙe New Orleans ya riƙe maƙogwaron yammacin Amurka.

A 1802 jami'in Sifaniya da ke birnin ya soke izinin da Amurkawa ke da shi na sauke kaya a can, ga kuma labari ya bazu cewa yankin ya koma hannun Napoleon, mai mulkin Faransa. Shugaba Jefferson ya tura wakilai su sayo birnin da gaɓar da ke gabas da shi. Sai suka tarar Napoleon ya yanke ƙauna. Rundunar da ya aika Haiti don murƙushe bayin da suka ƙwaci kansu ta ƙare, wasu a fagen fama, da yawa kuma zazzaɓin shawara ya kashe su, ga yaƙi da Ingila yana ƙaratowa. Ya miƙa musu Luwiziyana ɗungurungum a 1803, murabba'in mil 828,000, a kan dala miliyan 15. Amurka ba ta da tsabar kuɗin. Dala miliyan 11.25 takardun lamuni ne masu ruwa kashi 6 cikin ɗari, ta hannun bankin Baring na Landan da bankin Hope na Amsterdam, sauran miliyan 3.75 kuma bashin da Amurkawa ke bin Faransa ne gwamnati ta ɗauka za ta biya. A lura da kyau, wani banki na ƙasar Ingila ne ya kai wa Napoleon kuɗin da zai yaƙi Ingila da su.

Sai auduga. Kafin 1793 mutum ɗaya kan wuni yana cire gurya bai wuce fam ɗaya na tsabtatacciyar auduga ba. Injin gurza na Eli Whitney ya mayar da abin kusan fam 50. Masaƙun Lancashire a Ingila kuwa ko nawa aka kawo saye suke. Auduga tana cinye ƙarfin ƙasa idan ana maimaita ta ba taki ba hutu, kuma a lokacin sabuwar ƙasa ta fi taki araha, don haka mai gona sai ya kwashi bayinsa ya nausa yamma: Alabama, Misisipi, Luwiziyana, Tekzas. Bayi kusan 700,000 ne a ƙidayar 1790, a ta 1860 sun kusa miliyan 4, kuma an kora kimanin miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi zuwa sababbin gonakin auduga, a raba uwa da ɗa, a raba miji da mata. Kafin yaƙin basasa auduga ita ce fiye da rabin darajar abin da Amurka ke fitarwa waje. In ba kuɗi ba ne wannan, to mene ne?

Malama Rabi: Malam Isiyaku, ban musa ba, amma ka tsallake injin da ke mayar da daji ya zama kuɗi, wato aikin safiyo. Duk wanda yake son ya gane faɗaɗar Amurka ya fara da dokar filaye ta 1785. Dokar ta ce kafin a sayar da ko taku ɗaya sai an auna. Ma'aikatan safiyo suna jan wata sarƙar ƙarfe mai tsawon ƙafa 66, mai zobe 100. Sarƙa 80 mil ɗaya ke nan, faɗin sarƙa ɗaya a tsawon sarƙa 10 kuma eka ɗaya. Mutum biyu na jan sarƙa, wani na riƙe da kamfas, masu gatari na sare abin da ya tare layi, a kafa turke a kowace kusurwa, a sassaƙe jikin itatuwan da ke kusa a rubuta lamba don su zama shaida. Ana yanka ƙasa gunduma-gunduma, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowace gunduma a raba ta gida 36, kowane gida murabba'in mil ɗaya, wato eka 640. Gida na 16 an ware shi don makaranta.

Akwai matsalar da awon ke haifarwa. Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, layukan da suka miƙe arewa suna matsowa kusa da juna, don haka gundumar da ke arewa sai ta tsuke. Daga baya aka tsayar da ƙa'idar sake gyara layi duk bayan mil 24, kuskuren awo kuma a tura shi gidajen da ke gefen arewa da yamma. Shi ya sa wasu hanyoyin karkarar Amurka ke tafiya ɗoɗar sannan su yi wata 'yar karkata ba gaira ba dalili.

Amfanin wannan tsari shi ne mutum yana zaune a ofis a Boston zai iya sayen fili da lamba, ya jinginar da shi, ya sayar, bai taɓa taka wurin ba. Gwamnatin tarayya kuwa ba ta da harajin albashi a lokacin, kuɗin fito da cinikin filaye ne abincinta. Farashi ya fara da dala 1 kowace eka, ya koma dala 2 a 1796, sannan a 1820 aka sauke shi zuwa dala 1.25, kuɗi hannu, mafi ƙanƙanta eka 80. A 1836 kaɗai an sayar da kusan eka miliyan 20, har kuɗin filaye ya zarce na kwastan. Nan abin ya lalace, domin yawancin masu sayen 'yan tsada ne da ke biya da takardun kuɗi na ƙananan bankuna marasa zinariya a ajiye. Shugaba Jackson ya ce daga yanzu sai zinariya ko azurfa, ciniki ya tsaya cik, a 1837 bankuna suka durƙushe.

Sai dokar 1787 da ta shimfiɗa matakala: sabon yanki a naɗa masa gwamna, idan ya sami 'yantattun maza baligai 5,000 ya zaɓi majalisa, idan ya kai mutum 60,000 ya nemi zama jiha daidai da kowace jiha. Wannan alkawari shi ya sa mai ƙaura bai ji tsoron zai rasa 'yancinsa don ya yi nisa da gida ba.

Nura: Malama, na gode ƙwarai. Amma filayen nan ai da masu su. Ta yaya suke fita daga hannun ƙabilun asali har a kai ga jan sarƙa?

Dakta Bala: Nura, ka taɓo inda ke ciwo. Sayen Luwiziyana ma kansa, abin da Amurka ta saya daga Faransa shi ne kada wata ƙasar Turai ta yi gasa da ita a yankin. Ƙasar kanta tana hannun ƙabilu, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1823 Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta yanke cewa ƙasar Turan da ta fara "gano" wuri ita ke da asalin mallaka, 'yan asali haƙƙin zama kawai suke da shi, kuma ba su da ikon sayar wa kowa sai gwamnati. Mai saye ɗaya tak, shi ke yanka farashi.

Hanyoyin kuwa sanannu ne. Ta farko bashi. Jefferson da kansa ya rubuta wa gwamnan yankin Indiana a 1803 cewa zai so ya ga manyan ƙabilu sun ci bashi a kantunan gwamnati, domin idan bashi ya fi ƙarfin mutum yakan yarda ya yanke fili ya biya. A 1805 ƙabilar Choctaw ta sallama fiye da eka miliyan 4, kuma mafi yawan kuɗin ya wuce kai tsaye aljihun 'yan kasuwar da ke bin su bashi. Ta biyu 'yan kama-wuri-zauna. Su shiga ƙasar ƙabila ba izini, su yi sheƙa su yi shuka, rikici ya tashi, a zubar da jini, sojoji su zo da sunan tsaro, a ƙulla sabuwar yarjejeniya da ta halatta abin da aka riga aka mamaye. A 1841 ma doka ta ba wanda ya riga ya zauna a filin gwamnati damar sayen eka 160 a farashi mafi ƙasa kafin a yi gwanjo. Ta uku, idan shugabannin ƙabila sun ƙi, a nemo wasu 'yan tsiraru a cikinta su sa hannu.

Ƙabilar Cherokee ta ga duka ukun. An sami zinariya a ƙasarsu a arewacin Jojiya wajejen 1829. A 1830 dokar kwashe ƙabilu zuwa yammacin Misisipi ta tsallake majalisar wakilai da ƙyar. A 1832 Kotun Ƙoli ta ce dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Cherokee, amma ba wanda ya zartar da hukuncin, kuma a wannan shekarar jihar ta auna ƙasarsu ta raba ta ta hanyar jefa ƙuri'a, eka 160 filin noma, eka 40 filin zinariya, masu gida na zaune a ciki suna kallo. A 1835 wani ƙaramin ɓangare ya sa hannu a yarjejeniyar New Echota a kan dala miliyan 5. Shugabansu John Ross ya kai takardar ƙin amincewa mai sunaye kusan 15,000, duk da haka majalisar dattawa ta amince da ratar ƙuri'a ɗaya. A 1838 sojoji 7,000 suka bi gida-gida suka tara su a shingaye. Cuta ta fara cin su tun a sansani da bazara, sannan aka kora su tafiyar kusan mil dubu cikin hunturu. Cikin kimanin mutum 16,000, an ƙiyasta 4,000 suka mutu.

Malam Isiyaku: To ai ka gama mini aiki, Dakta. Zinariya a 1829, dokar kora a 1830.

Hajiya Asabe: A'a Malam Isiyaku, dakata. Labarin Cherokee ɗin nan ni nawa ɓangaren yake ƙarfafawa. An daɗe ana ce wa ƙabilu: ku bar farauta, ku yi noma, ku yi karatu, ku kafa doka, sai a zauna da ku. Cherokee suka yi duka. Sequoyah ya ƙirƙiro musu rubutu a 1821, suka rubuta tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida a 1828, attajiransu suna noman auduga, wasu har bayi suka mallaka. Da riba kawai ake nema, ai ga manoma a shirye masu kai auduga kasuwa. An kore su ne saboda an riga an yanke cewa ƙasar ta farar fata ce.

Ga hujja ta biyu, wadda ta fi ƙarfi. A watan Satumba 1847 sojojin Amurka suna zaune a cikin birnin Meksiko, ƙasar ta faɗi warwas, ga ma'adinan azurfa, ga tashoshin ruwa a tekuna biyu. Wasu jaridu da 'yan majalisa suka ce a haɗiye ta duka. Wa ya tashi ya hana? John Calhoun, babban mai kare bauta, a watan Janairu 1848. Hujjarsa a fili ita ce gwamnatin Amurka ta farar fata ce, ba za a shigo da miliyoyin mutane masu jinin ƙabilun asali su zama 'yan ƙasa masu ƙuri'a ba. Sai aka ja iyaka ta yadda za a kwashi ƙasa mafi yawa da mutane mafi ƙaranci. Kwaɗayi na cewa a ci gaba, aƙidar launin fata ta nuna inda za a tsaya.

Kalmar da aka fi sani, "Manifest Destiny", wadda ma'anarta ita ce ƙaddara bayyananniya, ɗan jarida John O'Sullivan ne ya yaɗa ta a 1845, amma tunanin ya girme shi nesa ba kusa ba. Wani sashe daga wa'azin Furotesta ya fito, cewa su zaɓaɓɓiyar al'umma ce. Wani daga Jefferson, cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai da manoma masu gonar kansu, don haka duk sabon ƙarni sai an samo masa sabon fili. Wani kuma daga masana falsafar Turai, cewa wanda bai nome ƙasa ya shinge ta ba bai mallake ta ba. Talakan da ya ɗaura keken shanu ya kama hanyar Oregon, tafiyar mil 2,000 ta wata biyar ko shida, yana binne 'ya'yansa a gefen hanya saboda kwalara, ya yi imani da wannan har zuciyarsa.

Malam Habu: Hajiya, Allah ya ƙara sani. To ina matsayin siyasa? Har yanzu ba wanda ya tsaya mata.

Dakta Bala: Ni zan tsaya mata, ranka ya daɗe, domin ita ke bayyana lokaci, wato me ya sa aka yi abu a wannan shekara ba a waccan ba. Kowace jiha sanata biyu take da su, komai ƙanƙantarta. Arewa ta fi yawan jama'a, ta rinjayi majalisar wakilai, don haka garkuwar masu bayi ita ce majalisar dattawa. Duk sabuwar jiha tambaya ɗaya ake yi: mai bayi ce ko marar bayi? A 1820 aka yi sulhu, Missouri ta shiga da bayi, Maine ta shiga babu, aka ja layi a digiri 36 da minti 30, arewa da shi ba bauta a sauran ƙasar Luwiziyana. Da Kudu ta duba taswira sai ta ga kason da ya rage mata ɗan kaɗan ne. Daga nan ido ya koma kan Meksiko.

Meksiko da kanta ta buɗe ƙofa. Bayan 'yancinta a 1821 ta bar Stephen Austin ya shigo da iyalai 300 Tekzas, mai kiwo a ba shi eka 4,428 a kan kuɗi kaɗan. Kafin a ankara baƙi sun ninka 'yan gida. Meksiko ta haramta bauta a 1829, ta hana ƙarin shigowar Amurkawa a 1830, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1836 Tekzas ta ɓalle. Shekara tara tana jira a bakin ƙofa, domin Arewa ba ta so. A 1844 aka kai yarjejeniyar haɗewa majalisar dattawa, inda ake bukatar kashi biyu bisa uku, ta sha kaye, 35 suka ƙi, 16 suka yarda. Sai aka canza dabara, aka mayar da ita ƙudurin majalisu biyu wanda rinjaye kawai yake bukata, ta wuce dattawa da 27 da 25 a 1845.

Shugaba Polk kuwa Kaliforniya yake so, saboda tashar San Francisco da cinikin Asiya. Ya fara aika John Slidell da tayin saye, Meksiko ta ƙi ko sauraronsa. Sai ya tura Janar Zachary Taylor ya haye kogin Nueces, wanda Meksiko ta ɗauka iyaka, ya kafa sansani a bakin Rio Grande. A watan Afrilu 1846 aka yi arangama, Polk ya gaya wa majalisa an zubar da jinin Amurkawa a ƙasar Amurka, ranar 13 ga Mayu aka shelanta yaƙi. Wani sabon ɗan majalisa, Abraham Lincoln, ya nemi a nuna masa takamaiman wurin da jinin ya zuba, ba a kula shi ba. A kwatanta da Oregon: can an yi ta kurarin sai an kai digiri 54 da minti 40, amma da yake Ingila ce a gaba da jiragen yaƙinta, a 1846 ɗin nan aka raba a digiri 49 cikin lalama. Ƙaddarar ta san mai ƙarfi.

Yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, 2 ga Fabrairu 1848, ta ba Amurka kusan murabba'in mil 525,000 a kan dala miliyan 15. Idan aka haɗa da Tekzas, Meksiko ta rasa fiye da rabin ƙasarta. Sojojin Amurka kusan 13,000 suka mutu, mafi yawansu da zawo da zazzaɓi. Ganimar kuma ita ta raba gida. Tun 1846 David Wilmot ya kawo ƙudurin hana bauta a duk abin da za a ƙwato, kuma ƙuri'ar ta rabu Arewa da Kudu, ba bisa jam'iyya ba. Daga nan sai sulhun 1850, sai dokar Kansas da Nebraska ta 1854 da ta rushe layin 1820, sai zubar da jini a Kansas, sai yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 da ya ci rai fiye da 600,000. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Malam Isiyaku: Dakta, kujerun sanatocin nan me suke karewa? Dukiyar da aka zuba a jikin bayi. Ka bi siyasar har gindinta, kuɗi za ka tarar. Polk ma ai ya yi wa Sifaniya tayin dala miliyan 100 a kan Kyuba a 1848, tsibirin rake da bayi.

Hajiya Asabe: Kuma mutum ba ya mayar da ɗan'uwansa dukiya sai ya fara gamsar da kansa cewa ba ɗan'uwansa ba ne. Malam, kai ma ka bi kuɗin har gindinsa.

Malama Rabi: Ku bar ni in ƙarasa maganar fili, domin bayan ɓallewar Kudu a yaƙin basasa ne Arewa ta sami damar zartar da nata tsarin. A 1862 aka yi dokoki biyu. Ta farko ta ba duk magidanci eka 160 kyauta idan ya biya 'yan kuɗin rajista, ya gina gida, ya noma, ya zauna shekara biyar. Akwai wata kafa a ciki: bayan wata shida kana iya biyan dala 1.25 kowace eka ka karɓi takarda. Kamfanonin katako da na shanu suka riƙa ɗaukar mutanen haya su yi rajista, bayan wata shida su miƙa musu filin. Ta biyu dokar layin dogo zuwa Pasifik. Duk mil ɗaya da kamfani ya shimfiɗa a ba shi gida 10 na fili, a 1864 aka ninka zuwa 20, ana tsallake ɗaya a ba shi ɗaya kamar gidajen dara, ga rancen gwamnati na dala 16,000 kowane mil a fili, 32,000 a tudu, 48,000 a cikin duwatsu. Layin ya haɗu a Utah ranar 10 ga Mayu 1869. Jimillar abin da gwamnatin tarayya ta ba kamfanonin jirgin ƙasa ya kai kusan eka miliyan 130.

Kuskuren shi ne eka 160 an yanka ta ne da ruwan saman gabas a zuciya. Yamma da layin digiri 100 ruwan shekara ba ya kai inci 20. John Wesley Powell ya gaya wa majalisa a rahotonsa na 1878 cewa a can mai kiwo yana bukatar eka 2,560, kuma a bi hanyoyin ruwa wajen yanka fili, a daina bin miƙaƙƙen layi. Aka yi biris da shi. Sai a 1909 aka ƙara zuwa 320, a 1916 zuwa 640. Aka kafta garma a ciyawar da ke riƙe da ƙasa, da fari ya zo a shekarun 1930 iska ta kwashe ƙasar sama ta bar mutane da ƙura.

Ƙabilun filin kuwa, jirgin ƙasa ya kawo mafarauta, ɓaunar da suke rayuwa a kanta ta faɗo daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa kafin 1890. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa ƙabilar Lakota duwatsun Black Hills. A 1874 ayarin sojoji ƙarƙashin hafsa Custer ya sami zinariya a can, a 1877 aka ƙwace. Dokar Dawes ta 1887 ta kawo sarƙar safiyo har cikin abin da ya rage: kowane magidanci eka 160, abin da ya saura a kira shi rara a sayar. Filayen ƙabilu suka ragu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 a 1934.

Nura: Malamai, wannan yarjejeniya da 'yan tsiraru da kamfani a gaba soja a baya, ba irin abin da ya faru da mu ba ne?

Dakta Bala: Akwai kama, amma a yi hattara. Kamar ita ce takarda. Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a 1885 ya koma da yarjejeniyoyin da kamfanin Ingila na George Goldie ya nuna wa Turai a matsayin sallama ƙasa, alhali sarakunan izinin ciniki suka ɗauka sun bayar. Kamfanin ya sami lasisin sarauta a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓe a ranar 1 ga Janairu 1900 ta biya shi fam 865,000. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Bambancin shi ne Ingila ba ta zo da 'yan kaka-gida ba. Haraji da amfanin gona da toshe wa Faransa hanya take so, don haka tana bukatar mutane a gonakinsu da sarakuna a kujerunsu. Amurka fili take so babu masu shi.

Inda igiyar ta haɗu da gaske shi ne auduga. Yaƙin basasar Amurka ya tsayar da masaƙun Lancashire, waɗanda fiye da kashi uku cikin huɗu na audugarsu daga can take zuwa. Wannan tsoro bai bar su ba. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchester, ta ɗora buri a kan Arewa, kuma yana cikin dalilan da aka kawo na jan layin dogo da ya iso Kano a 1911. Lissafin ya ƙi ci, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature, manomin Kano kuma ya ga gyaɗa ta fi riba kuma ana cin ta idan yunwa ta zo. Jirgin da aka kawo don auduga gyaɗa ya riƙa ɗauka.

Malam Isiyaku: Tunda Malam Habu ya ambaci Hawayi da Filifin, ga nawa na ƙarshe. Yarjejeniyar 1875 ta ba sukarin Hawayi shiga Amurka ba kuɗin fito, Amurkawa masu gonakin rake suka yi ƙarfi. Dokar kwastan ta McKinley a 1890 ta cire harajin ga sukarin kowace ƙasa, ta kuma ba manoman cikin gida tallafin santi 2 kowane fam. Fifikon Hawayi ya tafi, hanyar samun tallafin kuma ita ce zama cikin Amurka. A Janairu 1893 suka kifar da Sarauniya Liliuokalani, sojojin ruwan Amurka na tsaye a Honolulu. Filifin ma da aka biya Sifaniya dala miliyan 20 a kanta a 1898, aka yi yaƙi daga 1899 zuwa 1902 da ya ci aƙalla fararen hula 200,000, cikin masu matsa lamba a sake ta a 1934 akwai manoman sukari da masu madara na Amurka da ba sa son gasar sukarinta da man kwakwarta. Kuɗi ya shigar, kuɗi ya fitar.

Dakta Bala: A ƙara da cewa Shugaba Cleveland ya janye yarjejeniyar Hawayi a 1893, 'yan ƙasar fiye da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin haɗewa a 1897, kuma ba a sami kashi biyu bisa uku a dattawa ba. Sai a tsakiyar yaƙi da Sifaniya, a Yuli 1898, lokacin da ake bukatar tashar shan kwal a hanyar Manila, babban birnin Filifin, aka sake ɗauko dabarar Tekzas ta ƙudurin majalisu biyu.

Hajiya Asabe: Malama Rabi, matakalar nan taki ta 1787, mutum 60,000 a zama jiha, a nan ta karye. Filifin na da mutane wajen miliyan 7, tsibirin Puerto Rico, wanda shi ma daga Sifaniya aka karɓe shi, kusan miliyan ɗaya, sun wuce adadin nesa. Sai Kotun Ƙoli a 1901 ta ƙirƙiro sabon rukuni, yankin da yake mallakar Amurka amma ba sashenta ba ne, tsarin mulki bai shafe shi gaba ɗaya ba, kuma alƙalan ba su ɓoye cewa bambancin jinsin mazauna na cikin dalilansu ba. Mutanen Puerto Rico sun zama 'yan ƙasa a 1917, amma har yau wanda ke zaune a tsibirin ba ya zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisa kuma ba shi da ƙuri'a idan an zo zartar da doka.

Nura: Malama, Black Hills ɗin fa, an taɓa mayar wa Lakota?

Malama Rabi: Ba a mayar ba. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa an karɓe wurin ba bisa ƙa'ida ba, ta amince a biya su diyyar da ta haura dala miliyan 100, har da ruwan shekarun da suka wuce. Suka ƙi karɓa, domin a ganinsu karɓar kuɗin daidai yake da yarda an sayar, su kuma ba su sayar ba. Kuɗin na nan a asusun gwamnati yana tara ruwa, ya haura dala biliyan ɗaya, kuma yankunan da suke zaune suna cikin mafi talauci a duk faɗin Amurka.